Durƙuso a Gaban Gunkin Romawa

Shekarar da na gama karatun kimiyyar sinadarai a Lyon na samu gurbin koyon aiki a wani ɗakin gyaran kayan tarihi da ke gefen gari. Aikinmu shi ne wanke tsofaffin duwatsun da aka sassaƙa da haɗa waɗanda suka karye. A gida Damagaram abin da aka sani kawai ina aikin dutse, kuma ba wanda ya tambaye ni wane irin dutse, don a garinmu dutse ba baƙo ba ne, a tsakanin duwatsu muka yi wasan ɓuya muna yara. Inna, mahaifiyata, takan gaya wa maƙwabta 'yarta tana auna duwatsu a Faransa, su ce Allah ya taimaka, a wuce wurin.

Watannin farko guntaye ake ba ni: gutsuren ginshiƙi, allon kabari mai rubutun da ba na iya karantawa, wani kunne da ba a san daga kan wa ya faɗo ba. Ina son aikin, amma ba zan ce yana hana ni barci ba. Sai wata safiya na taso daga unguwar Bron, inda nake haya, na sauka daga taram, ɗan jirgin da ke bin titunan gari, na tarar da babbar mota ta toshe ƙofar wurin aiki, ana sauke akwatin katako wanda sai da aka cire ƙyaure kafin ya shiga. Shugabarmu, wata dattijuwar Bafaransa da ba ta cika fara'a ba, tana ta zagaya akwatin tana murza hannu. Da na ga haka na san yau ba kunne aka kawo ba.

Aka kwance katakon gefe-gefe, aka janye soso da ƙyallaye, sai ga shi a zaune. Mutum ne na farin dutse mai santsi, irin wanda Faransawa ke ce wa marbir, ya fi kowa a ɗakin tsawo ko da yake a zaune yake. Gemu cike, gashi a nannaɗe, ƙirji a buɗe, mayafi ya sauko daga kafaɗa ɗaya ya rufe cinyoyi. Hannun hagu ya ɗaga sama ya karye a gwiwar hannu, an ce da can sanda yake riƙe da ita. Ƙafa ɗaya ya miƙo gaba, ɗaya ya ja baya ƙarƙashin kujera, zaman mutumin da ya riga ya yanke hukunci yana jira ku gama surutu ne kawai. Shugaba ta ce Romawan da ne suka sassaƙa shi, shi ne sarkin gumakansu, ya daɗe a ɗakin ajiya yana shan ƙura, yanzu za mu wanke shi a kai shi Paris baje koli.

Na tsaya baki buɗe. Na sha ganin irinsa a littafi, amma littafi bai gaya mini za a ga jijiyar bayan ƙafarsa ba, ko yadda naman cikinsa ya ɗan naɗe saboda zama. Wani bawan Allah ne ya tsaya da guduma da ƙarfe mai kaifi ya fitar da wannan daga dutse, ya mutu, jikokin jikokinsa sun mutu, harshen da yake magana da shi ma ya mutu, ga aikin hannunsa a gabana zan taɓa. Ranar ban ci abincin rana ba, ban ma tuna da shi ba.

Aka raba shi kamar naman layya. Shugaba ta ɗauki kai, manyan ma'aikata suka raba ƙirji da kujera, ni ƙaramarsu aka ce ƙafafu ne rabona. Na karɓa da hannu biyu. Wankin ba na soso da sabulu ba ne. Auduga ake naɗawa a kan tsinke, a tsoma a ruwan da aka tace, a mirgina a hankali a kan wurin da bai fi faɗin farce ba, a yar, a naɗa wata. Baƙin yakan tashi kaɗan-kaɗan, farin da ke ƙasa ya leƙo, fari mai ɗan ruwan zuma. Nakan shafe wuni a kan yatsa ɗaya, in koma gida ina jin kaina kamar wadda ta gina gari.

Abokan aikina suna da 'yar kujera mai taya da suke zama a kai in aikin na ƙasa ne. Na gwada, bayana ya ƙi. Sai jikina ya koma abin da ya sani tun ina yarinya: na sa gwiwoyi biyu a ƙasa, na naɗe ƙafafu, na sunkuyar da kai, na tallafi hannun dama da na hagu don kada ya yi rawa. A haka hannuna ya fi tsayuwa, a haka na yi ta aikin ban taɓa tunanin komai ba.

A cikin wannan zama na gano jan. A can cikin wani lanƙwasa na bakin mayafin, dab da idon sawu, auduga ta ɗauke baƙi sai na ga wani ɗigo da ba datti ba. Na jawo fitila, na sa gilashin ƙara girma. Ja ne, jan fenti, ya maƙale a inda ruwa da hannun mutane ba su kai ba. Na kira shugaba. Ta duba, ta sake dubawa, sai na ga haƙoranta a karon farko tun zuwana. Ashe mutumin nan ba fari fat aka yi shi ba, jan mayafi ya yafa a zamaninsa, kuma ni 'yar Damagaram na tono wannan labari da tsinke. Kowa ya bar aikinsa ya zo kallo. Wata abokiyar aiki ta ce in koma yadda nake ta ɗauke ni hoto, na koma da gudu.

Na tura wa ƙanwata hoton a take, na rubuta mata ta dubi abin da na gano. Ita ma murna ta kama ta, ta jefa shi cikin zauren danginmu na waya, inda gwaggonni da kawunnai da 'ya'yansu suke. Ni da na kalli hoton ɗigon ja nake nema, shi kuwa bai ma fito ba. Abin da ya fito shi ne 'yarsu da ɗankwalinta, ta durƙusa gwiwa biyu, kai a sunkuye, ta miƙa hannun dama ta tallafe da na hagu yadda ake miƙa wa babba abu, ga 'yar tasar ruwa a gabanta, ga ƙaton gunki mai gemu a kan kujera yana kallonta daga sama.

Kafin la'asar saƙonnin murya sun cika wayata. Wata gwaggo salati take yi tana kuka. Wani ɗan kawu da ban taɓa sanin yana da karatu ba ya yi mini wa'azi mai tsawo. Wata ta tambaya, cikin ladabi, ko madara ce a tasar na kawo wa gunkin. Da farko dariya na yi har da riƙe ciki, na ɗauki waya na ce jama'a ku kwantar da hankali, ƙafarsa kawai nake wankewa. Wannan bayanin bai taimake ni ba ko kaɗan.

Inna ba ta ce komai a zauren ba, shi ne ya fara ba ni tsoro. Da ta kira, muryarta a kwance take.

Ta ce, "Na ga hoto. Na yi magana da kawunki na Paris, zai tahi ya gani da idonshi. Abin da ya ce shi za a yi. In ya ce ki bari, ki bari."

Na ce, "To, Inna."

Kuma da gaske na faɗa. Babanmu ya rasu tun muna ƙanana, ita ta riƙe mu, ita ta sa hannu na fito karatu lokacin da wasu suka ce kada a bar mace ta yi nisa. Ba zan ci abinci da aikin da ba ta sa wa albarka ba. Sai dai a makon nan ne shugaba ta gaya mini tana so ta riƙe ni bayan koyon aikin, kuma ni ce zan raka gunkin Paris in ƙarasa ƙafar hagu a can kafin a buɗe wa jama'a. Na zauna a bakin gado da wayar a hannu, ina son aikin nan har cikin raina, ga shi an ɗora shi a kan abin da kawu zai ce.

Duk da haka tafiyar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ga yadda ake ɗaure tsohon sarki da ɗamara a cusa masa soso ta ko'ina, na ga an ɗaga shi sama yana lilo kowa ya riƙe numfashi. A Paris aka shigar da shi babban gidan tarihi ta ƙofar baya, aka zaunar da shi a tsakiyar wani zaure mai rufin gilashi. Da hasken rana ya sauko masa, yatsun da na wanke suka yi ƙyalli, sai da na ji kamar in tare mutane a titi in ce su zo su ga ƙafa. Na gaya wa shugaba halin da nake ciki. Ba ta gane duka ba, amma ta samo wa kawu izinin shiga ranar da gidan yake rufe.

Kawu yayan Inna ne, yana da shagon wayoyi a unguwar Barbès, kusa da inda jirgin ƙasa ke wucewa ta sama kasuwa na ci a ƙasa. Ya daɗe a Paris har gemunsa ya yi fari a can, amma bai taɓa taka gidan tarihi ba, a cewarsa shi ba ya zuwa kallon abin da ba na sayarwa ba. Na same shi ya ci babbar riga mai aiki, ya kafa hula, ƙamshin turare har bakin titi.

Na ce, "Kawu, suna za mu je ne?"

Ya ce, "Aike aka yi ni, ɗiyata. Ɗan aike ba ya tahiya da rigar zaman shago."

A bakin ƙofar gidan ya tsaya ya yi addu'o'insa ya tofa hagu da dama, mai gadi yana kallonsa. Hanyarmu ta bi ta wani dogon zaure cike da mutanen dutse waɗanda ba su damu da tufa ba. Kawu ya ɗaga kai sama don ya kawar da ido, ya tarar da na zanen rufin sun fi na ƙasa rashin kunya, sai ya mayar da ido kan takalminsa ya bi ni a haka har muka isa. Ina ta cije leɓe, ga dariya ga faɗuwar gaba.

Can ya ɗago ya ga gunkin. Ya sa hannu a baya ya matsa kusa, ya ja baya, ya karkata kai.

Ya ce, "Wanda ya sassaƙa wannan ya taɓa ganin mai mulki. Dubi zama."

Na ce a raina shi ke nan, ya ga kwarjini, aikina ya tafi. Sai ya fara tambaya. Wa ke bauta masa yanzu? Na ce babu kowa, masu yi sun ƙare tun tuni. Ana kawo masa wani abu, hatsi ko turare? Na ce ko ruwan sha ba a bari a shigo da shi nan. Ana shafa shi don neman wani abu? Na ce wanda ya taɓa shi mai gadi zai fitar da shi. Ya gyaɗa kai, ya tattara rigarsa, ya zagaya baya.

Na manta ban gaya masa ba. Romawa a jikin bango suka jingina shi, don haka ba su wahalar da kansu da bayansa ba. Bayan a gurje yake, duk sawun guduma, an rarake cikin kujerar don a rage nauyi, ga tsofaffin ƙarafa da aka ɗaure tsaga da su, ga 'yan katakan da muka cusa a ƙasa don kada ya gyangyaɗa. Na ji kawu ya fashe da dariya, zauren ya amsa.

Ya ce, "Zo ki gani. Gaba sarki, baya kango."

Nan bakina ya buɗe. Na nuna masa layin da ke wuyan, na ce kan ma ba nasa ba ne, an tono shi ba kai, wasu masu gyara na da suka samo kan wani suka ɗora masa. Hancin kuma ciko ne. Na jawo shi na nuna masa ɗigon jan, na ba shi gilashi, ya sunkuya ya ce lallai ja ne, ya tambaya da me suka haɗa fentin, na yi ta zuba kamar rediyo. Na ga yana jin daɗi, na fara ganin hasken rana a lamarina.

Sai ya miƙe ya ce, "Bon, to. Yanzu yi mini yadda kika yi cikin hoton."

Na ɗauko tasa da tsinke, na durƙusa a gaban ƙafar hagu, na tallafi hannu, na fara mirgina auduga. Ban ji motsinsa ba. Da na saci kallo na ga dariyar ta bar fuskarsa gaba ɗaya, yana kallona kamar bai taɓa ganina ba.

Ya ce, "Tashi. Mu tahi."

Muka shiga jirgin komawa. Na yi ta juya abin a raina ina neman inda na ɓata. Da muka isa shago ya wuce da ni ɗakin baya, inda kwalayen waya suka kai rufi, ya kira Inna ta bidiyo. Ga ta a tsakar gida a kan tabarma, inuwar bango ta rufe rabin fuskarta. Suka gaisa suka gama, ni ina tsaye a gefe.

Ya ce, "Hajiya, na tahi na gani. Dutse ne, wanki take yi mishi. Ba mai bauta mishi, ko kan da ke wuyanshi na aro ne. Ni ban ga abin hanawa ba, ki gaya ma masu magana ni na ce." Na kusa tsalle, sai ya ɗaga mini hannu. "Amma na sa ta yi yadda ta yi cikin hoton, na ga abin da kika gani. Durƙuson gidanmu ne, yadda tsohuwarmu ta koya miki. Wannan kuma ke za ki gaya mata, ba ni ba."

Ya juyo da wayar wajena. Inna ta dube ni.

Ta ce, "Ni ban taɓa cewa kin bauta ma dutse ba, na san abin da na haifa. Na aiki kawunki don bakin mutane ya mutu. Abin da ya tsaya mini daban ne. Tun da kika tahi, gaisuwarki ta koma 'Inna lahiya, ina cikin taram, zan kira ki.' Na ce ma kaina ƙasar ce haka, ta manta, ba laihinta ba ne. Sai na ga hoton. Ashe durƙuson na nan, ba ki manta ba. Dutse ke samu."

Ba ta yi kuka ba, ni ce idona ya cika. Na zo da amsoshi cike da baki a kan gumaka da tarihi da sinadarai, babu ɗaya da ta dace da wannan magana. Na tattara siket ɗina na sa gwiwoyi biyu a kan simintin ɗakin, tsakanin kwalaye, na sunkuyar da kai. Kawu ya sauke wayar ƙasa-ƙasa don ta gan ni duka.

Na ce, "Inna, ina wuni."

Ta ce, "Lahiya lau."

Na ce ina gajiya, ta ce babu gajiya. Na tambayi gida, na tambayi ƙarfin jiki, na tambayi zafi, na tambayi gwiwarta da ke damunta, na bi maƙwabta gida-gida. Tana amsa kowace a hankali, ba ta gaggawa, muryarta na ƙara sakewa. A waje wani mai sayayya yana ta ƙwanƙwasa kanta, kawu bai ko juya ba.

Can ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ya sa ma aikinki albarka. Tashi ki tahi ki ƙarasa mishi wankin, kada a ce ɗiyata ta bar aiki rabi."

Ban tashi ba. Na ce mata da sauran gaisuwa, ban tambayi awaki ba tukuna.